ƊAKI DA MAI ƊAKI: ADON GIDA A ƘASAR JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA



Na san a cikinku akwai wanda ya ga kan wannan lacca ya ce a ransa, wannan ai zancen mata ne, me ya kawo shi zauren jami'a? Ta wani gefe yana da gaskiya, domin a ƙasar Hausa yawancin adon gida aikin mata ne, kuma dukiyar mata ce. Amma abin da ke hana uba barci shekara biyu kafin ya aurar da ɗiyarsa, abin da ke sa manomin albasa a Aliero ya sayar da amfaninsa a bakin gona tun kafin ya zuba shi a rudu ya jira tsada, lalle ya isa a zauna a kansa. Tambayar da nake so mu bi ita ce: a ɗakin da wasu suka sayi kayansa, wasu kuma suka jera su, a ina ake ganin hannun mai ɗakin?

Bari mu fara da kalmomi, tun da shi ne aikina. Bahaushe yana da ado, da ƙawa, da kwalliya, da zayyana, da jere. Kwalliya ta fi zama a jikin mutum. Ado da ƙawa sun haɗa jiki da doki da bango. Zayyana daga Larabci muka aro ta, ita ce ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani da gefen littafi. Jere kuwa tamu ce, daga aikatau "jera", watau sa abu kusa da abu bisa tsari. Ku lura, kalmar ba ta ce komai ba game da tsadar kayan, ko inda aka ƙera su. Abin da ta riƙe shi ne tsari. Sa'an nan harshen ya raba gidan biyu tun kafin magini ya raba shi: namiji shi ne mai gida, mace ita ce mai ɗaki. Wanda ya ce "mai ɗakina" matarsa yake nufi, ya kuwa amsa da bakinsa cewa abin da ke bayan labule ba mulkinsa ba ne.

Adon namiji a waje yake, daga garka zuwa zaure: zankwaye a kan soro, da bakin ƙofa, da fuskar bango. A Zariya da Kano aka kai wannan sana'a matuƙa. A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a 1963 a kan gidajen Zariya masu zane, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya yi shekaru yana bin maginan birnin. A bangayen can ana ganin dagi da takobi, ana kuma ganin keke da mota da agogo, watau mai gida yana shaida wa mai wucewa matsayinsa da abin hannunsa. A nan ƙasar Gwandu bangon da muka gada ya fi kamewa. Shigifa ce ko kudandan, a yi mata yaɓe mai kyau, a shafe da makuba don ruwa, wani lokaci magini ya ja yatsunsa a kan ɗanyen yaɓe ya bar layuka. A ganina wannan kamewa tana da nasaba da karatun da ya kafa ƙasar. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa zama a ƙawatattun fadoji da shimfiɗu masu laushi, ba tare da kula da halas ko haram ba, a cikin halayen sarakunan da yake suka. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna Gwandu, ya fi shi zafi wajen ƙyamar alatu. Ba na cewa wannan ne kaɗai dalili, ƙasar gini da dukiya da yawan magina duk suna da nasu rabo. Amma inda malamai suka hori namiji da ya sassauta ado a waje, ba abin mamaki ba ne a tarar ƙawa ta taru a cikin ɗaki.

Kayan cika ɗakin kuwa ba su yi nisa ba. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato a ƙarni na 19. Ta nan ayarin fatake ke bi zuwa Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu har Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro. Garin da ayari ke sauka ba ya rasa baƙon kaya, kuma ƙauyukan da ke cin kasuwarsa, daga Sabiyal da Danwarai ta wajen Aliero har Andarai da Mungadi da Sambawa ta wajen Maiyama, su ma idonsu ya saba da shi. Ina so ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa: ɗakin macen wannan yanki bai taɓa zama ɗakin kayan gida zalla ba.

Jeren farko na ƙwarya ne. Akwai masaki, da ƙwaryar tuwo, da ƙoƙo, da ludayi, wasu a goge su su yi fari fat, wasu a rina su ja, wasu a zana su da wuƙa mai zafi. A ɗora su a kan tukwanen da aka jera ɗaya bisa ɗaya, ko a rataye su a ragaya, kowace da faifanta a rufe. Gefe ga akushi, ga adudu na tufafi, ga gadon ƙasa ko na kara da tabarmar kaba. Mai hali takan ƙara da tasoshin tagulla na Nufe, aikin maƙeran Bida, waɗanda in aka goge su da toka da tsamiya sukan ɗauki hasken fitila su watsa a ɗaki. Bayan haka kwanon fenti ya shigo, da fari daga Turai, sa'an nan daga Hong Kong, har aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a 1960, 'yan kasuwar Sin kuma suka buɗe masana'antun kwano a Ikko da Kano. Daga nan kwalla da samira da fanteka da langa suka kori ƙwarya daga gaban ɗaki suka mai da ita madafa.

A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Wanda ya ƙera kwalla don a zuba abinci ya ƙera ta. Ba wani Bature ko Basine da ya zauna ya yi tunanin za a ɗora ta goma goma, babba a ƙasa, ƙarama a sama, launi ya bi launi, fure ya dubi fure, har ginshiƙin ya kusa taɓa rufi, a kuma yi shekara ashirin ba a ci tuwo a cikinta ba. Matan Hausa ne suka ƙaga wannan. Sun karɓi baƙon abu suka sa shi cikin tsarin da suka gada daga ƙwarya. Har magina suka shiga ciki, aka riƙa liƙa faranti a tsakiyar daurin guga da saman bango. Gadon ƙarfe mai rumfa irin na Vono ya zo, aka ɗaga ƙafafunsa a kan gwangwani ko bulo, aka tara katifa da matasai har sai an taka kujera a hau, ƙarƙashinsa kuma ya zama wani wurin jeren.

To, mene ne amfanin kwanon da ba a ci a ciki? Amfaninsa na farko, asusu ne. Mary Smith, wadda ta rubuta labarin Baba ta Karo aka buga a 1954, da Barbara Cooper a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, duk sun nuna yadda dukiyar mace ke zama a cikin kayan ɗakinta da kyaututtukan da ke yawo tsakanin mata. Macen da ke cikin kulle, ba ta da gona a hannunta, ba ta zuwa banki, ribar ƙuli-ƙuli da fura da adashi a kwano take adana ta. In ciwo ya zo, ko aka rasa iri, sai a kira dillaliya da dare, a zare saiti ɗaya daga baya inda ido ba ya kai, gobe kuɗi su zo. In ba a taɓa ba, ya zama na ɗiya. In aure ya mutu kuma, da kayanta take fita, ba mai hana ta, domin ɗaki ba ya tashi ragaya ta zauna.

Amfaninsa na biyu, rajista ne na zumunci. Tsohuwa ba ta iya karatun boko ba, amma ta san wannan kwalla ta gwaggo ce, waccan samira ƙawar inna ce ta kawo, ta san kuma ranar da za a rama, har da ƙari, in bikin gidansu ya zo. Matan da ke shiga ganin ɗaki ran tarewa ba kallon banza suke yi ba. Karatu suke yi: dangin uba sun yi ƙoƙari, dangin uwa sun fi, wance ba ta kawo komai ba.

Ke nan jeren ranar farko ba ya nuna halin amarya. Ba ta ma wurin. Gwaggonni da yayye da matan maƙwabta ne ke zuwa da guduma da ƙusa su yini suna gardama, ita tana can cikin lalle. Abin da ɗakin ke faɗa a wannan rana shi ne ga gidan da ta fito. Hannunta sai daga baya yake bayyana, sannu sannu, bayan 'yan biki sun watse. Za ta sauke abin da aka ɗora sama ta mai da shi inda take so. Za ta saƙa faifai da launin da ya kwanta mata, wata ta fi son ja da baƙi, wata kore da ruwan ɗorawa. Za ta yi wa rigar matashi sirfani. In kaka ta yi, ta gayyaci mata a yi daɓe, a shafa wa bango farar ƙasa, ta ja masa bakin shuni daga ƙasa. Akwai kuma adon da ba a gani, watau turaren wuta, wanda kowace mace ke da haɗinta, har miji ya iya gane ɗaki da hanci a cikin duhu. Ku shiga gidan mai mata biyu, waɗanda aka yi wa kaya kusan iri ɗaya a shekaru kusa da juna. Ɗakin ɗaya a cike yake maƙil, ko'ina launi, na ɗayar kuwa fili ne da tsabta da abu uku huɗu da aka zaɓa. Kayan na dangi ne, tsarin nata ne, kuma tsarin nan shekaru ake yi ana gina shi.

Hotuna ma suna da tarihinsu a wannan bango. An san labarin labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, ta yanka shi ta yi matasai. Saboda haka mai sassaƙa da mai zanen ƙwarya da baduku suka fi karkata ga layi da kusurwa da dagi. Da hanyar Makka ta yi sauƙi da zuwan jirgin sama, sai dardumar bango mai hoton Ka'aba da Masallacin Madina ta zama tsaraba, kalandar shehunnan ɗariƙa ta samu ƙusa, allon zayyana na yaron da ya sauke ya samu wuri kusa da ita. Wanda ya shiga ya san aƙidar gidan kafin a kawo masa ruwa.

Yanzu mu zo ga ɗakin yau. Kabad mai gilashi ta fara ɗauke kwano daga ƙasa, tangaran da kuloli suka ture samira, sa'an nan aka shiga zamanin saiti. Uwa da uba su je wurin kafinta a Jega ko Birnin Kabi, ya buɗe waya ya nuna musu hotunan gadajen Turkiyya da Dubai, su nuna ɗaya, a yi ciniki: gado, da wadirob, da madubi, da kujerun kushin, da labule, da leda ko kafet, duk launi guda, mota guda ta kwaso. Ba na musun kyansa, wani aikin kafintocinmu abin yabo ne. Amma ku auna. Ɗakin da muka saba ginawa ƙafa goma sha biyu ne ta kowane gefe. A sa masa gado mai ƙafa shida da shida, a sa wadirob da ta cinye bango ɗaya, a sa madubi, sai ka ga wurin shimfiɗa dardumar salla ma da dabara ake samunsa. Abin da aka kafa ranar jere nan zai zauna har ya lalace, domin ko ƙarti huɗu da ƙyar suke motsa shi. Ina amarya za ta sa hannunta? Hoton da aka nuna a Jega shi aka nuna a Gusau da Kano, don haka ɗakunan suka zama kamar an buga su da hatimi. Ga kuma zafin watan Afrilu, lokacin da awo ke haura digiri 40, leda da soso suna riƙe zafi a inda daɓe da tabarma ke sakinsa.

Asusun nan ma ya fashe. Yawancin saitin da talaka ke iya saye da katakon garin katako ake yinsa, wanda aka matse da gam. In ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje, kuma mutanen da ke zaune kusa da gulbin Zamfara da fadamun Kabi ba sa bukatar a tuna musu ambaliyar 2020. Kwalla in ruwa ya tafi da ita aka tsinto, wankewa za a yi. Ko ba ruwa, gadon da aka kwana a kansa wata shida ba ya komawa kuɗinsa, ba a kuma iya zare rabinsa a ba dillaliya a asirce. Mace ta tashi daga dukiyar da ke rarrabuwa, mai jiran ɗiya, ta koma dukiyar da ke narkewa tun ranar da aka sauke ta daga mota.

Kuɗin sayenta kuwa kullum hawa suke, balle bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a watan da ya biyo. Ana sayar da gona da shanun huɗa. Ma'aikaci yana cin bashin albashin da bai karɓa ba. Ana ɗaga aure shekara guda don gado bai samu ba. Akwai ma masu aron kaya a cika ɗaki, bayan mako biyu a zo da dare a kwashe, an manta cewa zanen aro ba ya rufe katara. Da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, da kuma lokacin da ta ɗaura auren mutum 1,800 da matansu a watan Oktoba na 2023, gado da katifa da kayan ɗaki suna cikin manyan abin da ta ɗauka, domin ta gane a nan ne aure ke maƙalewa. Alhali kuwa a fiƙihun Malikiyya da muke bi, abin da ke kan amarya shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon al'ada da sadakin da ta karɓa. Ɗora wa uba nauyin da ya ninka sadaki sau da yawa al'ada ce muka ɗora wa kanmu, kuma abin da al'ada ta ɗaura tana iya sassauta shi.

Kada maza ma'aikata su ga kamar sun tsira. Mu ne muka kawo falo, muka rushe zaure muka sa get. A falonmu akwai furen roba, da hoton tsaunin ƙanƙara na ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba, da takardar shaidar kwas a cikin gilashi, da hoton mai gida yana gaisawa da wani babba, wanda akan sauke in mulki ya juya. Lokacin da nake karatu a Ingila na ga faifai da ƙwarya da tumtum irin na dukawan Sakkwato a bayan gilashi, an rubuta musu bayani, mutane na biyan kuɗin mota su zo kallo. Tun 1976 David Heathcote ya shirya nunin fasahar Hausa a London. A gidajenmu kuwa tumtum sai in baƙo Bature zai tafi a saya masa.

Ba kira nake a koma gadon kara ba. Ƙwarya tana fashewa, gara tana cin azara, ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma matan da suka yi fama da waɗannan sun fi ni sanin dalilin da ya sa suka bar su; mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Baƙuncin kaya ma ba shi ne aibi ba, tun da tasa daga Bida ta zo, kwalla daga Hong Kong. Abin dubawa a kowane kaya shi ne, yana barin wuri ga hannun mai shi ko ba ya bari, yana kuma riƙe daraja ko ba ya riƙewa. Uban da ya rage girman saiti ya ba ɗiyarsa sauran a keken ɗinki, ko tunkiya, ko 'yan kunnen zinariya, ya mayar mata da asusun da kakarta ke da shi a kwano, ya kuma bar mata bangon da za ta cika da kanta. Kafintan da zai auna ɗaki kafin ya yanka katako, ya yi gado da itace mai jure ruwa, ya nemi baduku ya yi masa fatar jikin kujera, zai samu kasuwar da masu kwafar hoto ba su da ita. Wannan aiki ne da ya dace da jami'ar kimiyya da fasaha irin wadda aka kafa a Aliero a 2006, ita da masu koyar da sana'a.

Ku kuma ɗaliban Hausa, akwai aikin da ke jiranku wanda ba ya son jinkiri. Kowane zanen faifai da na ƙwarya yana da suna, kowane yayin kwano da atamfa yana da laƙabin da mata suka sa masa, wani don wani sarki, wani don habaici ga kishiya, kuma sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari. Matan da aka yi wa jeren kwalla a shekarun 1960 da 1970 suna nan da ransu a Kimba da Karaye da Jiga, wasunsu kayan na ƙarƙashin gado a cikin buhu. Ɗalibai mata sun fi dacewa da wannan, domin su ne za su wuce labule. Ku tafi da littafi da na'urar ɗaukar magana, ku nemi izini, ku sa a fito da kayan ɗaya ɗaya, ku tambayi sunan kowanne, da wanda ya kawo shi, da shekarar, da abin da aka sayar aka saye shi. Ku rubuta da karin harshen mai maganar yadda ta faɗa, kada ku gyara mata shi zuwa Kananci.